Ƙafar Baba da Garin da Nazifi Ya Kawo

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tashi kafaɗun mahaifinmu bayan mun fara fid da rai. Yanzu gyambon ya warke, Baba yana takawa masallaci da ƙafarsa, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da ya same mu, ko wani mai tsoho a gida zai kauce wa ramin da muka faɗa. Zan kuma faɗi abin da ya riƙa cin raina a lokacin, domin shi ma yana cikin jinyar.

Baba mai shayi ne. Daga Malumfashi ya zo Abuja tun ana share filaye, ya kafa teburinsa a Bwari. Ya fi shekara talatin a tsaye bayan teburin nan, safe da yamma, kuma ɗaliban makarantar lauyoyi da yawa sun ci burodi da ƙwai daga hannunsa. Tun muna yara muke ganin jijiyoyin ƙwaurinsa sun taso sun murɗe kamar igiyar guga. Idan ya dawo gida sai ya jingina ƙafafun da bango, ya ce sun yi masa nauyi kamar an ɗaura masa turmi.

Mu biyu ya haifa, mahaifiyarmu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Ni ne babba, ina koyarwa a wata firamare a Bwari, kuma a gidana Baba yake tun da ya bar tebur. Ƙanena Nazifi yana da shago a kasuwar Gudu. Kayan haɗa man shafawa da sabulu yake sayarwa a sari: man kaɗanya, turare, da gari iri-iri da ake kawo masa daga waje a cikin durom. Matan da ke haɗa kirim suna sayarwa su ne kwastomominsa. Allah Ya buɗa masa, yana da mota, a layinsu oga ake ce masa.

Baba mutumin da ne, ba ya kiran sunan ɗan fari. Malam yake ce mini, wani lokaci ma "kai" kawai. Nazifi kuwa Auta ne, kuma idan Baba ya furta sunan har fuskarsa sakewa take yi. Na san alkunya ce, na san haka aka yi wa kowane ɗan fari a garinmu. Sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

Ciwon ya fara ne da daminar bara waccan. Ƙafar hagu ta kumbura cikin kwana biyu, ta yi zafi, ta yi sheƙi. A asibiti suka ce jini ne ya daskare a jijiya. Suka ɗora shi a kan maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum, suka ja mana kunne cewa kada ya sha komai da sunan magani sai an tambaye su. Kumburin ya sauka. Bayan wasu watanni ya bugi benci a masallaci, fatar saman idon sawu ta ɗan ɗaye. Abin bai kai ƙwayar wake ba, amma ya ƙi rufewa. Ya yi ta faɗi har ya kai tafin hannun yaro, yana ruwa, yana wari.

Daga nan rayuwata ta koma ta gyambo. Kullum kafin in tafi makaranta sai in durƙusa gaban Baba da roba, in wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, in sa auduga, in naɗe bandeji daga yatsu har gwiwa yadda wata nas ta koya mini. Matata Hauwa ita ke wanke bandejin da aka cire, ta shanya, ta dafa masa abinci marar gishiri da yawa. Duk bayan mako biyu mukan tafi asibiti. Mu fita bayan asuba, mu karɓi kati, mu zauna a benci har azahar, a gan mu cikin ɗan lokacin da bai isa shan kofin shayi ba. Ma'aikatan suna ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma mutane sun yi musu yawa. Albashina kuwa tun tsakiyar wata yake ƙarewa a kemis.

Nazifi yakan zo ranar Lahadi da lemo da ayaba, ya zauna a kujera nesa kaɗan da ƙafar, su yi ta hira da dariya. Wata Lahadi ya zo da wata kwalbar man shafawa mai farin murfi.

Ya ce, "Baba, wannan don kai na sa aka haɗa. Akwai wani itace a ƙasashen sanyi, hos cesnat ake ce masa. Daga 'ya'yansa ake tatso wannan garin. Turawa shi suke amfani da shi idan jijiya ta kumbura. Durom guda na sayo, masu kirim har rububinsa suke yi."

Baba ya gwada faɗin sunan, harshensa ya ƙi, ya yi dariya ya ce, "Ni dai garin Auta zan ce masa."

Na ce to a shafa a ƙafar dama kawai, wadda ba ta da ciwo, kada ya kusanci gyambon. Aka yi haka. Gaskiya ɗaya ce, man ya yi wani abu. Bayan mako biyu ko uku Baba ya ce nauyin ƙafar dama ya ragu, jijiyar da ke ɗaure masa ma ta sassauta. Ya kamata in yi murna, kuma na yi, amma murnar ba ta zo ita kaɗai ba. Abokansa na masallaci sukan shigo dubiya da safe su tarar da ni a durƙushe, hannuna cikin ruwan ciwo, shi kuwa ya ɗaga kwalbar yana nuna musu.

"Auta ne ya kawo. Daga ƙasar Turawa. Yaron nan akwai kai."

Su ce Allah Ya yi masa albarka, Baba ya ce amin, ni ma in ce amin ina naɗe bandeji. Wata takwas ina wannan durƙuson ban taɓa jin an nuna ni ga baƙo ba.

Ana cikin haka ƙanwar Baba, Gwaggo Lami, ta zo daga Paikon Kore inda take aure, da doya da shawara. Ranar Nazifi yana nan. Ta shinshina man, ta duba ƙafar, ta ce, "Ciwon da ke cikin jijiya ai daga ciki ake korar sa. Shafawa lallashi ne kawai. Ba a shan abin nan?"

Nazifi ya ce, "Ana sha, Gwaggo. Can a kafso suke haɗiyarsa." Ya buɗe waya ya nuna mana hotunan kwalabe. Ba ƙarya ya yi ba, ana sayar da shi haka.

Na ce, "Wanda ke cikin kafso daban, wanda ke cikin durom ɗinka daban. Kuma Baba yana shan maganin tsinka jini. A bari mu tambayi likita."

"Abu ɗaya ne, Yaya. Kamfanonin ma daga irin durom ɗin nan suke ɗurawa."

Da na tsaya a nan, wataƙila da an saurare ni. Amma abin da ya daɗe yana taruwa a ƙirjina ya riga hankalina fita. Na ce, "Kai da sakandare ma da ƙyar ka gama, yaushe ka zama likita? Sayar da man bilicin daban, ran mutum daban."

Nazifi ya sunkuyar da kai. Baba ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba, ya ce, "Malam, in ba ka kawo ba, kada ka hana wanda ya kawo."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, kamar da bango take magana, "Hassada ga mai rabo taki ce."

Maganata daidai ce, amma daga bakin mai ƙyashi ta fito, kuma kowa a ɗakin ya ji ƙyashin. Daga ranar duk abin da na faɗa a kan garin nan, ba gargaɗi ake ji ba.

Lahadin da ta biyo baya Nazifi ya ce zai tafi da Baba gidansa da ke kusa da Gudu, ya ɗan huta, ya canza iska. Akwai janareta, akwai fanka, ba zafin Bwari. Baba ya amince tun kafin a gama maganar. Na haɗa masa magungunansa da bandeji, na tuna wa Nazifi ranar komawa asibiti, suka tafi. Na yi fushi, don haka na yi mako biyu ban je ba. Ina dai kira a waya, Baba ya ce lafiya lau, ƙafa sai godiya, ya miƙa wa Nazifi wayar.

Ranar da na je, na tarar da shi a kan kujera mai laushi, fanka na kaɗa shi. Ya rame. Ba bandeji a ƙafar, sai wani ƙyalle da ya yafa, wai bandejin zafi yake sa masa. Da na ɗaga ƙyallen na ga gyambon ya yi ɓawon gari mai ruwan ƙasa, gefensa ya yi ja. Yana ta susar hannuwansa. A damtsensa akwai wasu tabbai baƙaƙe kamar an mintsine shi. Asawakinsa na kan tebur, bakin asawakin duk jini.

Na ce, "Baba, kana shan garin nan?"

"Cokali ɗaya a shayi da safe. Yana da ɗaci, amma magani ai ɗaci gare shi."

"Abinci fa?"

"Zuciyata ke tashi. Kuma in na miƙe sai in ga ɗakin yana juyawa. Auta ya sayo mini maganin ciwon jiki a kemis, shi nake haɗawa."

Na tambayi ranar asibiti, ashe ta wuce ba su je ba. Baba ya ce layin nan ya ishe shi, tunda ga sauƙi ya samu a gida. Na ja Nazifi waje na nuna masa asawakin. A wannan karon na yi magana a hankali. Ya ce shi ma ya gani, amma wata kwastomarsa ta gaya masa mugun jini ne ke fita. Na ce gobe mu kai shi asibiti. Ya ce gobe kaya za su iso masa, a bari sai Litinin. Na koma ciki na roƙi Baba ya dakata da garin. Ya ce, "To, na ji," irin to ɗin da ake yi wa yaro don ya tafi.

Litinin ba ta same mu a gida ba. Ranar Asabar da la'asar, ina gyara takardun jarrabawar ɗalibai, Nazifi ya kira.

"Yaya, Baba yana alwala jijiya ta fashe. Jini ya ƙi tsayawa. Na ɗaure da tsumma ya jiƙe, na sake wani ya jiƙe."

"Yana zaune ko yana kwance?"

"Yana zaune a kujera."

"Kwantar da shi a ƙasa. Ɗaga ƙafar ka jingina da bango, ta fi ƙirjinsa tsawo. Ninka tawul mai tsabta ka danne wurin da ƙarfinka, kada ka ɗaga don ka leƙa. Ka sa wani ya tuƙa motar, kai kada ka saki."

Nas ɗin da ta koya mini bandeji ce ta gaya mini haka tun farko, Allah Ya saka mata da alheri. Na hau mota daga Bwari, muka tarar da cunkoso a Dutse, na sauka na hau acaɓa inda ake bari, na sake shiga wata motar. Ban san addu'o'in da na yi a hanyar nan ba.

Na same su a sashen gaggawa. Ba gado, Baba yana kan keken tura marasa lafiya, leɓunansa sun yi fari, tafin hannunsa kamar takarda. Rigar Nazifi ta rine har gwiwar hannu, kuma har lokacin yana danne da ƙafar. Likitar da ta gan mu wata matashiya ce, ba Bahaushiya ba, Hausarta irin ta Abuja. Ta ɗaure wurin, ta sa aka ɗebi jini, ta duba katinsa, sannan ta tambaya.

"Ban da maganin da muka ba ta, Baba tana shan wani abu?"

Nazifi ya kau da kai. Baba ya rufe ido. Ni na faɗa. Na faɗi garin, na faɗi cokalin shayi, na faɗi barbaɗawa a ciwo, na faɗi maganin kemis. Kuma ina faɗa ina jin wani abu mai kama da daɗi yana ratsa ni, mahaifina kuwa yana kwance a gabana ba jini a jikinsa. Na nemi tsari da shaiɗan a zuci, amma na ji abin da na ji.

Ta tambayi bayan gidansa. Sai a lokacin Baba ya buɗe baki ya ce kwanaki ke nan yana fita baƙi kamar kwalta, kunya ce ta hana shi faɗa. Ta ce jini ne, cikinsa ma yana zubarwa. Ta nemi ganin mazubin garin. Nazifi ya nuna mata hoton takardar da ke manne a jikin durom ɗin. Ta buɗa hoton da yatsu, ta nuna masa wani layi da ƙananan haruffa. An rubuta cewa na haɗa kayan shafawa ne kawai.

Maganarta ta zauna mini har yau. Ta ce, "Abin da aka yi don fata, ba a yi shi don ciki ba. 'Ya'yan itacen nan ɗanyensu yana da guba. Wanda ake haɗiya, an cire gubar, an auna shi. Wannan na durom, ni ban san me ke ciki ba, kai ma mai sayarwa ba ka sani ba. Kuma ko mai kyaun ne, ba a ba mai shan maganin tsinka jini sai likita ya sani, ba a kuma sa shi a buɗaɗɗen ciwo."

Na ce, "Wato garin ne ya jawo."

Ta dube ni, ina jin ta gane abin da nake so ta ce. Ta ce, "Ba zan rantse shi kaɗai ba ne. Maganin ciwon jikin nan ma yana cin ciki, yana sa zubar jini. Kuma ya tsallake ranar gwaji. Abu uku ne suka haɗu a kan tsoho ɗaya."

Aka ce sai an ƙara masa jini, mu kawo masu bayarwa. Ni da Nazifi muka kwanta a gadaje biyu kusa da juna, kowa da allura a hannu. Da aka kawo lissafin asibiti, ina cikin tunanin wanda zan kira, Nazifi ya danna waya sau biyu ya ce an biya. Na yi masa godiya. Ita ma godiyar da ƙyar na yi ta.

Makon farko Baba bai san inda yake sosai ba. Na ɗauki hutu a makaranta. Ni ke juya shi, ni ke kai masa tasa in zubar, ni ke goge masa jiki, ni ke bin ma'aikata a kan sakamakon gwaji, daga wannan taga zuwa waccan. Hauwa tana aiko kunu da farfesu daga Bwari. Nazifi yakan zo da yamma bayan ya rufe shago, ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ya zube, idonsa ya faɗa.

Ranar da Baba ya farfaɗo sosai, ina ba shi kunu a cokali, ya dubi ɗakin ya ce, "Ina Auta?"

"Yana kasuwa, sai yamma."

"Yana cin abinci kuwa? Kada ku matsa masa. Da kyakkyawar niyya ya yi."

Na ce to. Na ci gaba da ba shi kunun.

A mako na biyu masu dubiya suka fara zuwa. Labarin da ya isa Bwari shi ne Nazifi ya danne jijiya da hannunsa har asibiti, Nazifi ya ba da jini, Nazifi ya biya kuɗi. Duk gaskiya ne. Gwaggo Lami ta zo ta yi kuka, ta ce ita ba ta san abin zai zama haka ba, sannan ta ce a gwada zuma da ganyen magarya idan an koma gida. Na ce mata ko ruwan zamzam ne sai likita ta gani. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta kawo karin magana ba a wannan karon.

Wata rana Hauwa ta kawo abinci da kanta, muka zauna a barandar asibiti, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce jinina ma yana jikin tsohon nan, amma ba wanda ya ambata. Na ce wanda ya kusa kashe shi ake tambaya ko ya ci abinci. Ta bari na gama, ta ce, "Malam, kai lada kake so ko yabo?"

Na ce, "Duka biyun."

Ta yi murmushi ta ce, "To ci abincinka, ladan dai ba ya ɓata."

A mako na uku aka sallame mu. An daidaita maganin tsinka jinin, an ƙara na gyambon ciki, an hana maganin kemis, an ce a riƙa wanke ciwo da naɗe shi kamar da, a dawo gwaji a kan lokaci. Na riga na sa Hauwa ta gyara ɗakin Baba. Muna tattara kaya sai ya ce gidan Auta zai koma.

Na ce, "Baba, can ɗin da abin ya faru?"

Ya ce, "Shi ya sa. In na wuce Bwari daga nan, cewa za a yi yaron ya kusa kashe ni na gudu. Ba zai ƙara ɗaga kai a cikin dangi ba."

Na fahimci dalilin, har na ga kyansa. Amma a motar da ta mayar da ni Bwari ni kaɗai, tambayar da nake yi wa kaina ita ce, yaushe aka taɓa lissafa yadda ni zan ɗaga kai?

Kafin mu rabu na nuna wa Nazifi yadda ake wanke ciwon da naɗe bandeji, ya ɗauka a waya. Kwana biyu bayan haka ya kira ni.

"Yaya, Baba ya ƙi."

"Ya ƙi me?"

"Ya ƙi bari in buɗe ƙafar. Na kawo nas har gida, ita ma ya ƙi. Ya ce a jira Malam."

Na tashi daga makaranta na kama hanya. Na tarar Nazifi ya tanadi komai, roba sabuwa, auduga, safar hannu. Na durƙusa. Baba bai ce mini sannu da zuwa ba, ya dai miƙo ƙafar ya ɗora a cinyata, ya ci gaba da yi wa Nazifi hirar farashin sukari a zamanin da ya fara sana'a. Nazifi yana tsaye riƙe da robar, ba hirar yake saurare ba, hannuna yake kallo.

Da zan tafi ya raka ni bakin titi. Muna jiran mota ya ce, "Ka san ban taɓa ganin ciwon nan a buɗe ba sai ranar da jijiyar ta fashe? Duk zaman da ya yi a gidana, kulle ƙofa yake yi ya barbaɗa garin da kansa. In na ce in taimaka sai ya ce in je kasuwa kada in makara." Ya dubi titi, ya ƙara da cewa, "Ni hira ake yi da ni, Yaya. Shi ya sa na kawo kwalbar. Na rasa abin da zan kawo ne."

Na ce ya cire kalmar bilicin ɗin nan daga ransa, ban kyauta ba. Ya ce ai yana sayar da shi, ba ƙarya na yi ba. Muka yi 'yar dariya, mota ta zo.

Haka muka yi wata huɗu ko biyar. Sau uku a mako ina zuwa daga Bwari bayan an tashi makaranta, Nazifi yana biyan kuɗin mota da na kemis, yana riƙe roba. Ranar asibiti shi ke kai mu, mu bi layi mu uku. Gyambon ya riƙa tsukewa daga gefe a hankali, wani mako ya yi kamar ya tsaya, wani mako ya motsa. Nazifi bai daina sayar da garin ba, domin masu kirim suna buƙatarsa kuma don haka aka yi shi. Amma yanzu duk ƙullin da zai fita daga shagonsa sai ya manna masa takarda da Hausa da Turanci cewa ba a sha, ba a sa wa ciwo. Ya ce mata biyu sun taɓa gaya masa su ma suna zuba wa iyayensu a kunu.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Idan tsohonka yana shan maganin tsinka jini, kada a ƙara masa komai, na Turawa ko na gargajiya, na kemis ko na kasuwa, sai wanda ya rubuta masa maganin ya sani. Garin da aka sayo a buhu ko durom don haɗa man shafawa ba abin sha ba ne, ko da sunansa ɗaya da wanda ke cikin kafso. Jini a asawaki, tabbai a fata ba tare da bugu ba, baƙin bayan gida, duk ba mugun jini ba ne ke fita, ranar za a tafi asibiti, ba Litinin ba. Tsofaffi suna ɓoye abin da suke jin kunyarsa, sai an tambaye su kai tsaye. Kuma idan kai ne mai gaskiya a cikin gida, ka lura da muryar da za ka faɗe ta.

Ƙyashin bai bar ni gaba ɗaya ba. Har yanzu idan na ji Baba ya ce Auta da wannan muryar, wani abu yakan motsa a ƙirjina, sai dai ya rage kaifi.

Ranar da likita ta duba ta ce fata ta rufe, saura safar matse ƙafa da zai riƙa sawa kullum, mun fito mu uku muka shiga motar Nazifi. Ya tayar da ita ya ce, "Baba, gida ko?"

Baba ya ce, "Bwari."

Nazifi ya juyo. "Wani abu aka yi maka?"

"Ba abin da aka yi mini. Shayin gidanka ne na 'yan birni, jaka a ruwan zafi. Wata biyar ban sha shayi ba."

Nazifi ya dube ni ta madubi, ni ma na dube shi. Ban tambayi Baba ko akwai wani dalilin ba, na san ba zai faɗa ba. Na kira Hauwa na ce ta ɗora tukunya, ta sa citta da kanumfari da yawa, muna hanya.